Littafin awo: komawa hanyar Magarya

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Ƙafata ta warke tun farkon damina. Na ajiye sanda, na koma kan keken ɗinki, kuma duk wanda ya leƙo shagona a unguwar Zango ta Damagaram sai ya ce, "Malam, jiki ya yi kyau." Nakan amsa da alhamdu lillahi, don gaskiya ne. Amma wata takwas ke nan ban shiga mota ba.

Kwana kaɗan kafin azumin bana muna dawowa daga Magarya, tsakanin Bande da Dogo, tayar gaba ta fashe, motar ta yi ta juyawa da mu. Mutum biyu ba su tashi ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan ranar, domin ba ita na zo rubutawa ba. Abin da ta bar mini nake so in rubuta. In babur ya yi ƙara a bakin shago, gabana ya yanke ya faɗi. In na ji warin mai da roba mai zafi, sai hannuna ya jiƙe da gumi. Daren da aka yi ruwan nan na farkon Satumba, wanda ya rushe tsohon masallacin Birni, ban runtsa ba har asuba, duk katangar da ta faɗi a unguwa jikina ji yake yi kamar motar ce. Inna tana Magarya, ciwon gwiwa ya hana ta tafiya, ni kuma kusan kilomita 90 ɗin nan sun zame mini kamar hanyar Agadas.

Ranar Juma'a na je likita saboda bugun zuciya. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya ce bai ga ciwon zuciya ba. Sai ya ja kujera ya tambaye ni yadda nake barci, da ko ina mafarkin abin, da ko akwai wuraren da na daina zuwa. Tun da abin ya faru ba wanda ya taɓa yi mini waɗannan tambayoyi. Ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma jiki ma haka yake, ya koyi tsoro a rana ɗaya, sai an koya masa kwanciyar hankali a kwanaki da yawa. Ya ce in riƙa auna fargabar daga 0 zuwa 10 ina rubutawa, in komo wurinsa duk bayan mako biyu.

Na buɗe bayan littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki. Nan zan riƙa sa wa. Burina in je in gaida Inna da kaina kafin damina ta sake sauka.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Makon numfashi. In ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake ta a hankali ina ƙirga shida, cikina ne zai riƙa tashi ba kafaɗa ba. In an yi daidai, numfashi shida ke nan a minti ɗaya. Minti biyar bayan asuba, minti biyar bayan isha'i.

Da fari na raina abin. Wane ne bai iya numfashi ba? Sai da majo ya bayyana mini dalilin. Idan mutum ya razana, jiki yakan zubo wani sinadari cikin jini don a gudu ko a yi faɗa, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma gajere da sauri. Wannan haki yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo jiri da jin kamar ana tsira wa yatsu allura. Mutum ya ji haka sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo, tsoro ya ƙaru, haki ya ƙaru. Tsawaita fitar da numfashi shi ke sa zuciya ta sassauta. Ya kuma ce kada in jira sai fargaba ta taso kafin in gwada, in saba da shi lokacin da nake lafiya lau, kamar yadda yaro ke koyon taka keke a kan tsumma kafin a ba shi shadda.

Kwana uku na farko ƙirgar tana ɓace mini. Sai na koma yi da carbi: ƙwaya ɗaya, numfashi ɗaya. Talatin da uku sun kai ni minti biyar da ɗan abin da ya hau. A shago kuma na gano takun keke yana taimako, taku huɗu ja, taku shida saki.

Awon mako: safe 4, dare 6.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na shiga Kasuwar Dole sayen zare da ƙyallen ciki. Ranar kasuwa ce, ga cunkoso, ga amalanke, ga ƴan kabu-kabu. Wata babbar mota ta taka birki a bayana, ƙarar ta ratsa ni. Nan take idona ya yi duhu, ƙafar da ta karye ta ɗauki rawa. 9.

Numfashin bai zo mini ba, ƙirjina ya ƙi. Abin da ya zo shi ne ɗaya dabarar da aka koya mini, ta maido da hankali inda ƙafa take tsaye. Na dafa teburin mai zare na fara lissafi a zuci. Abu biyar da nake gani: zare ja, almakashi, tiren goro, hular mai shagon, buhun gero. Abu huɗu da jikina ke taɓawa: katakon tebur, takalmina, kuɗin da ke tafin hannuna, iska a wuya. Sauti uku. Wari biyu, na daddawa da na ƙura. Sai ɗanɗanon bakina. Kafin in gama, na iya jan numfashi.

Mai zaren ya ce, "Lafiya, Malam?" Na ce jiri ne. Ya ba ni benci da ruwa. Na duba agogon waya: tun daga ƙarar birki har na ji ƙafata ta tsaya, bai kai minti goma sha biyar ba. A da in abin ya same ni gida nake gudu, kuma ina ganin gudun ne ya cece ni. Yau na zauna wuri ɗaya na ga ya hau, ya kai ƙarshe, ya sauka da kansa. Na sayi zarena, na ƙirga canji daidai.

Litinin, 2 ga Disamba

Shayi. Wannan ya fi mini wuya fiye da yadda na zata.

Shekara da shekaru bayan isha'i ina fada, inda muke taruwa da abokai muna shan shayi, kuma ba na tashi sai an sauke dahuwa ta uku. Da rana ga goro a aljihu. Majo ya ce abin da ke cikin ganyen shayi da goro yana sa zuciya bugu kamar na mai tsoro, kuma bayan awa biyar ko kusa da haka rabinsa yana nan cikin jini. Wato na farko da na sha ƙarfe tara, mai kauri da ɗaci, yana tare da ni har ƙarfe biyun dare, daidai lokacin da nake farkawa a firgice.

Ban bar fada ba, kuma ba zan bari ba. Zaman kaɗaici ya fi shayin illa, na gwada shi wata biyar. Abin da na yi shi ne na maida shayina safe, da dare kuma in karɓi na uku kawai, wanda ya riga ya salance. Goro rabi, kafin azahar. Kwana huɗu kaina yana ciwo. Abokaina sun tambaya, na ce likita ne ya hana, suka bar maganar.

Dare biyar cikin bakwai na kai asuba ba tare da na farka ba. Awon dare ya sauko 4.

Lahadi, 15 ga Disamba

Mun zauna da majo mun jera matakai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sharaɗin shi ne kada in tsallake, kuma kada in tashi daga mataki tun fargaba tana sama, sai ta ragu da kanta, in da hali zuwa rabi. In na gudu tana 8, jiki zai ƙara yarda cewa wurin haɗari ne.

Na fara da tsayuwa a bakin tasha ina kallon motoci suna lodi. Ranar farko 6, na yi minti ashirin. Rana ta huɗu 3. Sai zama cikin motar maƙwabcina a ƙofar gida, ba a tayar ba. Warin kujerar kaɗai ya kai ni 7. Jiya ya tayar da injin muna tsaye, yau kuma ya zaga da ni daga Zango zuwa bakin fadar Sarki ya dawo. Na riƙe carbi, gilashi a buɗe, na kai 8, na sauka ina 5.

Maiɗakina tana bakin ƙofa da muka dawo. Ba ta ce komai ba, ta karɓi hulata ta kawo ruwa. Da dare ta ce, "Baban yara, da na san haka abin yake cinka da ban riƙa yi maka maganar zuwa Magarya ba." Na ce ta ci gaba da yi, ina bukatar mai tuna mini.

Laraba, 1 ga Janairu 2025

Koma baya. Jiya da dare yara suna ta fasa abin wasan nan mai ƙara, ga ƴan rakiyar amarya suna murza babura a layinmu. Ɗaya ta fashe dab da taga. Na tsinci kaina a ƙasa, hannu bisa kai, ƙaramar ɗiyata tana kallona tana kuka. Mafarkin da ya yi wata guda bai zo ba ya dawo. 10.

Da safe na kasa ɗinki. Wani abokina da ya ga halin da nake ciki ya ciro ƙwayoyi daga aljihu, irin waɗanda masu tallar magani ke yawo da su, ya ce rabi kawai zan sha in yi barci kamar jariri. Da kyakkyawar niyya ya yi, na sani. Na riƙe su a hannu na daɗe. Amma ni ɗan garin nan ne, na ga abin da tiramol da ƴan uwansa suka yi wa samarin da muka taso tare, waɗanda su ma da rabi suka fara. Majo ma ya taɓa gaya mini cewa tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan ba wanda ya fito daga tashin hankali irin su diyazefam don ya samu barci, saboda suna danne abin ne kawai, ga kuma saurin kama mutum. In akwai bukatar magani, akwai wanda ya dace, kuma likita ne zai rubuta shi ya bi sawu. Na maida masa.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar. Da yamma na ɗora ta a cinya na ce mata, Baba ya ji tsoron ƙara ne saboda haɗarin mota, ba ita ta yi laifi ba, kuma ana yi masa magani. Ta ce, "Baba, kamar allura?" Na ce kamar ƙirga. Muka yi huɗu da shida tare.

Mako mai zuwa zan koma zama cikin mota a tsaye, mataki biyu baya.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mirya. Kilomita 18, ranar kasuwa.

Na zaɓi Mirya don ba hanyar da abin ya faru ba ce, gabas take, kuma ba ta da nisa. Yaya ya raka ni. Tun daren jiya na shirya komai don kada safiya ta zo mini da ruɗani: ban sha shayi ba, na kwanta da wuri, na karya kumallo da koko. A tasha na ƙi motar farko saboda na duba tayoyinta ban gamsu ba. Na yi ta tunani ko wannan gudu ne ko hankali. Na yanke cewa duba taya sau ɗaya hankali ne, amma in na ƙi ta biyun ma, to tsoro ne ke tuƙa ni. Na shiga ta biyu.

Hazo ya rufe gari, sanyi yana shiga ta taga. Da muka bar duwatsun bakin gari direba ya ƙara wuta, sai na ji abin yana hawowa daga ciki zuwa maƙogwaro. 8. Na lura ƙafata tana taka birkin da babu, haƙorana a cije, kafaɗuna sun kai kunne. Na sake su ɗaya bayan ɗaya. Na kafa tafin ƙafa a ƙasa, na ja huɗu, na saki shida. Wani tunani ya riƙa zuwa, cewa yanzu taya za ta fashe. An koya mini kada in tsaya jayayya da shi, in kira shi da sunansa kawai: ga tunanin taya ya zo. Na faɗa a zuci ya fi sau ashirin. Tsakanin wannan da wancan ina ƙirga kukokin bakin hanya.

Yaya bai dame ni da surutu ba. Sau ɗaya ya ce, "Nawa?" Na ce bakwai. Can gaba ya sake tambaya, na ce biyar.

Da muka sauka ƙafafuna suna rawa, amma da su na zaga kasuwa. Na saya wa Inna tulun Mirya, don takan ce ruwansa ya fi na kowane tulu sanyi. Na ce wa Yaya ba zan aika da shi ba, ni zan kai. Dawowa ta fi sauƙi, ban wuce 6 ba. Na kwanta bayan la'asar kamar wanda ya yini a gona.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ƙara zuwa Mirya sau uku, na ƙarshe ni kaɗai. 6, 5, 4.

Akwai maganar da ta daɗe tana nuƙurƙusata. Wani dattijo a masallacinmu, da ya ji ina zuwa likita a kan tsoro, ya ce mumini ba ya tsoron mota, abin da Allah ya rubuta ba makawa, wannan raunin tawakkali ne. Wata gwaggona kuma ta ce iska ce ta shafe ni a wurin haɗarin. Maganar dattijon ta fi yi mini ciwo, don ni ma na sha faɗa wa kaina ita cikin dare.

Na kai wa limaminmu. Ya ce, "Da ƙafarka ta karye, raunin imani ne ya hana ka tafiya?" Na ce a'a. Ya ce to ka nemi magani kamar yadda ka nema wa ƙafa, ka riƙe addu'a. Ya tuna mini addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da ake yi safe da yamma, da ayar Suratur Ra'ad, ta 28, wadda ta ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Tun ranar nake haɗa su, in ja numfashi shiru, in sake shi da istigfari a hankali. Ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba. Ina rubuta wannan ne saboda na san a garin nan akwai direbobi da ƴan kasuwa da matan da suka sha wuyar haihuwa, waɗanda ke ɗauke da irin wannan abu a ɓoye don kada a ce imaninsu ya yi rauni.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, ga ɗinkin salla ya taru. Muna kaiwa ƙarfe biyu a shago, a tashi sahur ƙarfe huɗu da rabi. Barci ya lalace, awo ya hau: safe 5, dare 7. Shekara guda kuma ta cika a makon jiya, jikina ya san haka tun kafin in duba kwanan wata. Na yi sadaka don mutum biyun nan, na yi musu addu'a.

Na rage karɓar aiki, na mayar da kaya bakwai ga masu su tun da wuri don su nemi wani tela. Kuɗi ne na bari, ba kaɗan ba, amma na sa wa kaina dokar rufe shago ƙarfe goma sha biyu, da kwanciya awa ɗaya bayan azahar. Tafiya da ƙafa da nake yi da safe na maida ita bayan tarawihi, minti talatin, daga gida zuwa Birni in dawo. Ba sabon mataki a watan nan. Majo ya ce riƙe wanda aka samu ya isa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na kwana biyu a Magarya, yau na dawo.

Mun tashi Juma'a da sassafe saboda zafi, ni da maiɗakina, tulun a cinyata an naɗe shi da zane. Har Dogo ina tsakanin 5 da 6. Daga nan na fara gane itatuwa. Na yi niyya tun a gida ba zan rufe ido ba in mun iso wurin, kuma ban rufe ba. Babu komai a wurin, kwalta ce da ƙasa da wata ƙaya, wani yaro yana kora awaki. Na kai 9. Hawaye suka zubo, ban hana su ba. Maiɗakina ta ɗora hannunta a kan gwiwata tana ƙirga mini a hankali, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mutumin da ke gefena ya ce, "Sannu, bawan Allah." Kafin Bande na sauko 6.

Inna tana zaune a tsakar gida bisa tabarma. Ta daɗe tana kallona, sai ta ce, "Kai ne da ƙafarka?" Na durƙusa na gaishe ta. Ta sa aka wanke tulun aka cika shi tun kafin mu gama gaisawa.

Dawowar yau ta fi wuya, don ta wannan hannun abin ya faru, kuma direban yana gudu. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Direba, don Allah a sassauta." Wata mata a baya ta ce gaskiya ne, ya rage. A wurin na kai 8, ya ɗauki kamar minti goma kafin ya sauka.

Awon daren nan 5. Jibi zan kai wa majo littafin. Mafarkin yana zuwa kamar sau biyu a wata, kuma har yanzu ban iya zama gidan gaba ba, sai tsakiya, kusa da taga. Inna ta ba ni atamfa biyu in ɗinka mata, ta ce kada in ba kowa saƙo. Na sa ranar 9 ga Mayu, kuma wannan karon ni kaɗai zan je.